Binciken Ɓarkewar Mura da Tari a Makarantu: Yadda Ake Yi da Abin da Ake Nema

Da hunturu ko da damina, akan sami makarantar da yara da yawa suka kwanta kusan lokaci ɗaya da zazzaɓi, tari, majina da ciwon maƙogwaro. Mafi yawan lokaci abin yakan lafa cikin mako biyu ko uku, kowa ya koma aji. Amma wani lokaci waɗannan alamu su ne farkon ƙyanda, ko mashaƙo, ko wata sabuwar mura da jikin mutane bai san ta ba. Aikin binciken ɓarkewar cuta shi ne a bambance tsakanin waɗannan da wuri, tun ana iya yin wani abu. An shirya wannan bayani domin iyaye, malamai, shugabannin makarantun ikilisiya da masu kula da yara a makarantar Lahadi, domin su ne sukan fara ganin abin kafin likita ya gani.

Me ake nufi da ɓarkewar cuta?

Ana cewa cuta ta ɓarke in yawan waɗanda suka kamu a wani wuri, cikin wani lokaci, ya zarce abin da aka saba gani. Saboda haka ba za a iya gane ɓarkewa ba sai an san abin da aka saba. Makarantar da yara biyu ko uku sukan yi fashi kowace rana saboda rashin lafiya, in suka zama ashirin cikin kwana biyu, kuma duka da tari da zazzaɓi, to akwai dalilin bincike. Ke nan rajistar aji da littafin ɗakin shan magani na makaranta su ne kayan aiki na farko. Makarantar da ba ta rubuta dalilin fashin yaro ba, ta rasa hanyar ganin cuta tun tana ƙarama.

Ƙwayoyin cutar da suka fi jawo haka

Yawancin mura da tari na yara, ƙwayoyin cutar da ake kira bairos ne ke kawo su. Sun bambanta da bakteriya, kuma maganin antibayotik ba ya kashe su. Waɗanda aka fi samu a makarantu su ne:

- Infuluwenza, wato mura mai tsanani. Takan faɗo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki, ciwon kai da busasshen tari. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kwana 1 zuwa 4 ne, galibi kwana 2.
- Rainobairos, mai kawo murar yau da kullum: atishawa, majina, toshewar hanci, zazzaɓi kaɗan ko babu. Yakan nuna cikin kwana 1 zuwa 3.
- RSV. Ga ɗan makaranta kamar mura ce kawai, amma in ya kai wa jariri a gida takan iya sauka ƙirji ta hana shi numfashi. Takan ɗauki kwana 4 zuwa 6 kafin ta nuna.
- Adinobairos, mai haɗa zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wani lokaci da jan ido. Yana daɗewa a jikin kaya kamar tawul da hannun ƙofa.
- Ƙwayar korona mai kawo COVID-19, wadda alamunta a jikin yara sukan yi kama da na sauran.

Da ido kawai ba a iya rarrabe su da tabbaci, ko ƙwararren likita ne. Shi ya sa ake haɗa ƙidaya da gwaji.

Me ya sa makaranta?

Waɗannan ƙwayoyi suna bin ɗigon yawu da majina in an yi tari, atishawa ko magana, suna iya rataya a iskar ɗakin da ba shi da mafitar iska, suna kuma bin hannu zuwa hanci da ido. A makaranta yara suna zaune kafaɗa da kafaɗa na sa'o'i, suna shan ruwa da kofi ɗaya, a makarantar kwana kuma gadaje suna manne da juna, ana rufe tagogi saboda sanyi da ƙura. Jikin yaro bai gamu da ƙwayoyi da yawa ba tukuna, don haka garkuwarsa ba ta kai ta babba ba. Mai infuluwenza yana iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji ciwo, har zuwa kwana biyar ko bakwai bayan haka, ƙananan yara kuwa sukan fi haka daɗewa. Da yamma kuma kowane yaro yana komawa gidan da akwai jariri, mai juna biyu ko tsohuwa. Ta haka cutar makaranta ke zama cutar gari.

Misali daga birnin New York, 2009

A tsakiyar watan Afrilu na 2009, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gano wata sabuwar ƙwayar infuluwenza nau'in H1N1 a jikin yara biyu a jihar Kalifoniya. Ita ce aka riƙa kira murar aladu. A lokacin ana samun rahoton mura mai tsanani daga ƙasar Meziko, amma ba wanda ya san nisan da cutar ta yi.

Ranar Alhamis, 23 ga Afrilu, ma'aikaciyar jinya ta makarantar sakandare ta St. Francis da ke yankin Queens a birnin New York ta ga ɗalibai suna ta zuwa ofishinta da zazzaɓi, har suka kai wajen 100 a rana ɗaya, a makaranta mai ɗalibai kusan 2,700. Ba ta jira sakamakon wani gwaji ba. Ta sanar da sashen lafiya na birnin a ranar. Washegari jami'ai suka ɗebi samfur daga hancin ɗalibai ƙalilan, ba su kai goma ba. Gwajin farko ya nuna infuluwenza ce nau'in A, amma ba ta dace da ire-iren da ke yawo a wannan shekara ba, sai aka tura samfurin zuwa CDC. Ranar 26 ga Afrilu aka tabbatar sabuwar H1N1 ce. Aka rufe makarantar na kusan mako guda.

Daga nan masu bincike suka aika wa ɗalibai da ma'aikata tambayoyi ta intanet: yaushe ciwon ya fara, waɗanne alamu, wa ya yi tafiya, wa ya kwanta a gida. Sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta New England a ƙarshen 2009. An tabbatar da cutar ta gwaji a jikin mutum 124, amma amsoshin tambayoyin sun nuna fiye da mutum 800 ne suka yi ciwo mai kama da infuluwenza: kashi 35 cikin ɗari na ɗaliban da suka amsa, da kashi 10 cikin ɗari na ma'aikata. Ba wanda ciwon ya yi wa tsanani sosai. An gano wasu ɗalibai sun dawo daga hutu a Meziko gab da ɓarkewar. An kuma lissafa cewa alamu sukan bayyana kimanin kwana ɗaya da rabi bayan kamuwa, tsakanin mai ciwo da wanda ya ɗauka daga gare shi kwana uku ne ba kaɗan, kuma a cikin makarantar kowane mai ciwo ya shafa wa kimanin mutum uku.

Waɗannan alkaluma sun yi wa duniya amfani a lokacin da ake cikin duhu game da sabuwar cutar, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Yuni, 2009. Dukansu kuwa sun samo asali ne daga mutum ɗaya da ta lura cewa yawan yaran da ke gabanta ya fi na kullum, ta kuma faɗa wa waɗanda ya kamata.

Matakan bincike

Ko a New York ko a ƙauye, tsarin ɗaya ne.

1. Tabbatar da cewa ɓarkewa ce. Ana gwada fashin wannan mako da na makonnin baya, a kuma duba yaran da kansu. Jita-jita takan ninka adadi, tsoro kuma yakan sa a ɓoye.

2. Tsai da wanda za a ƙirga. Dole a sami ma'ana ɗaya da kowa zai bi, in ba haka ba wani malami zai rubuta mai atishawa, wani kuma sai wanda ya kasa tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga mutum a cikin masu ciwo mai kama da infuluwenza in zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko fiye, yana tari, kuma ciwon ya fara cikin kwana goma da suka wuce. Masu bincike sukan ƙara wuri da lokaci: ɗalibi ko ma'aikacin wannan makaranta, daga rana kaza. Ma'aunin zafin jiki guda ɗaya a ofishin makaranta ya fi taɓa goshi da tafin hannu.

3. Rubuta jerin marasa lafiya. Layi ɗaya ga kowane yaro: suna, shekaru, namiji ko mace, aji, ɗakin kwana ko unguwa, ranar da ciwon ya fara, alamu, allurar rigakafin da ya yi, wani ciwo da yake da shi kamar asma ko sikila, inda ya yi tafiya, maganin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Littafin rubutu da rula sun isa. Ranar fara ciwo ta fi kome muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa in an bari sai daga baya. Wannan jeri na ma'aikatan lafiya ne da shugaban makaranta, ba na liƙawa a allo ba.

4. Duba lokaci, wuri da mutane. Ana zana yawan waɗanda suka fara ciwo kowace rana. In duka sun kwanta cikin rana ɗaya ko biyu, ana zargin abu ɗaya da ya same su tare, kamar taro ko tafiya. In kuwa adadin yana hawa kashi-kashi da tazarar 'yan kwanaki, cutar tana bin mutum zuwa mutum, tazarar kuma tana nuna wace ƙwaya ce. Sannan ana lissafa kashin waɗanda suka kamu a kowane rukuni. A misali, ɗakin kwana mai yara 40 da 20 suka kwanta, kashi 50 ke nan. Wani mai yara 80 da 20 suka kwanta, kashi 25 ne. Adadi ɗaya, amma ɗaki na farko ne ke bukatar a duba cunkosonsa da tagoginsa.

5. Ɗaukar samfur. Ba sai an gwada kowa ba. Yara biyar zuwa goma da ciwonsu bai wuce kwana uku ko huɗu ba sun isa, domin a lokacin ne ƙwayar ta fi yawa a hanci da maƙogwaro. Ana goga auduga ta musamman, a sa a kwalbar da ke da ruwan adanawa, a riƙe da sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a kai ɗakin gwaje-gwaje cikin kwana uku. Gwajin PCR ne ke faɗin ainihin ƙwayar. A ƙasarmu ya kamata a yi wa mai zazzaɓi gwajin maleriya ma, amma samun maleriya a jikin wasu yara bai bayyana dalilin da ya sa rabin aji ke tari ba.

6. Kariya. Wannan ba ya jiran sakamakon gwaji. Ana ware marasa lafiya, a buɗe tagogi, a raba gadaje, a tanadi ruwa da sabulu, a daina haɗa kofi, cokali da tawul, a dakatar da babban taro na 'yan kwanaki.

7. Sanar da iyaye da rubuta rahoto. A faɗi gaskiyar adadi, abin da aka sani, da abin da ake so iyaye su yi. Shiru shi ne takin jita-jita.

Misali daga makarantar kwana a Ingila, 1978

Akwai wani tsohon rahoto da har yau ake koyar da ɗaliban kiwon lafiya da shi, kuma ya fi kusa da yanayin makarantun kwana. A watan Janairu na 1978, jim kaɗan bayan dawowa daga hutu, infuluwenza ta shiga wata makarantar kwana ta maza a arewacin Ingila mai yara 763. Wani yaro da ya dawo daga Hong Kong ya yi zazzaɓi a tsakiyar watan. Ranar 22 ga Janairu yara uku ne a kwance. Cikin mako biyu, 512 sun kwanta, wato kashi biyu cikin uku. Masu kula da lafiyar makarantar sun rubuta adadin kowace rana, kuma mujallar likitanci ta Birtaniya ta buga shi a wannan shekara.

Abin lura shi ne, cikin manya kusan 130 da suke mu'amala da yaran, mutum ɗaya ne kawai ya kamu. Ƙwayar ita ce H1N1 da aka kira murar Rasha, wadda ta sake ɓullowa a 1977 bayan ta ɓace tun 1957. Waɗanda aka haifa kafin ta ɓace jikinsu ya san irinta, yaran kuwa ba su taɓa gamuwa da ita ba. Ashe sanin waɗanda ba su kamu ba yana da amfani kamar sanin waɗanda suka kamu. Rahoton ya kuma nuna saurin cutar a wurin da ake kwana tare: wanda ya jira mako guda kafin ya ɗauki mataki, ya tarar aikin gama ya gama.

Cututtukan da ke fakewa a bayan mura

Babban dalilin bincike a yankinmu shi ne a tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce:

- Ƙyanda. Ita ma bairos ce, tana farawa da zazzaɓi, tari, majina da jan ido, ƙuraje su biyo bayan kwana uku ko huɗu daga fuska zuwa jiki. Mai ita yana yaɗawa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, tara za su iya kamuwa.
- Mashaƙo. Bakteriya ce ke kawo shi: ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, da wata fata mai launin toka da ke manne a maƙogwaro. Tun ƙarshen 2022 Najeriya ta yi fama da ɓarkewarsa, jihar Kano ce ta fi yawan masu kamuwa, mafi yawansu yara ne da ba su cika rigakafi ba. Yana bukatar magani na musamman a asibiti cikin gaggawa.
- Tarin shiƙa, mai farawa kamar mura sannan ya koma tari mai sarƙewa na makonni.
- Sanƙarau, wanda ya fi yawa daga hunturu zuwa bazara: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, ruɗewa.

Ko yaro ɗaya aka zarga da ɗaya daga cikinsu, a sanar nan take, kada a jira su yi yawa. Katin rigakafi yana taimaka wa masu bincike ƙwarai: allurar penta mai kare mashaƙo da tarin shiƙa a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15.

A rufe makaranta ko kada a rufe?

Rufewa tana rage yaɗuwa in an yi ta da wuri, kuma in yaran sun zauna a gida. In an yi ta bayan rabin makaranta sun kamu, amfaninta kaɗan ne. A makarantar kwana akwai ƙarin haɗari: sallamar yara marasa lafiya a motocin haya zuwa garuruwa dabam-dabam tana iya watsa cutar zuwa inda babu asibiti. Sau da yawa gara a ware ɗaki mai iska a kula da su a nan, a kai masu tsanani asibiti. Wannan shawara ce da shugaban makaranta zai yanke tare da jami'an lafiya. Ɓoye cuta don gudun kada sunan makaranta ya ɓaci ko kada iyaye su janye 'ya'yansu, shi ne ya fi ɓata suna daga baya.

Wa za a sanar a Najeriya?

A fara da asibiti ko ɗakin shan magani na gwamnati mafi kusa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido da ba da rahoton cututtuka, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO. Shi ke kai rahoto ga jami'in kula da annoba na ma'aikatar lafiya ta jiha, daga nan zuwa hukumar NCDC, wadda babban ɗakin gwajinta yake Gaduwa a Abuja. Lambar kiran NCDC ta kyauta ita ce 6232. Makarantar ikilisiya, ta gwamnati da ta kuɗi duk hanyar ɗaya ce. Yana da kyau shugaban makaranta ya san jami'in ƙaramar hukumarsa tun lafiya lau, kafin ranar bukata.

Abin da iyaye za su yi

Yaro mai zazzaɓi da tari ya zauna a gida, kada ya je makaranta, makarantar Lahadi ko koyon waƙa, har sai ya yi sa'a 24 babu zazzaɓi ba tare da maganin saukar da zafi ba. A faɗa wa malaminsa dalilin fashin da ranar da ciwon ya fara, domin da wannan ake gina jerin da aka ambata a sama. A ba shi ruwa da yawa, abinci mai sauƙi, da farasitamol daidai da nauyinsa. Kada a ba yaro asfirin in yana da mura mai zazzaɓi, domin yana iya jawo wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kada a sayi antibayotik a kemis ba tare da ma'aikacin lafiya ya duba ba. Akwai maganin infuluwenza da ake kira oseltamivir, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin sa'a 48, likita ne kuma ke rubuta shi, musamman ga masu rauni. A nisanta mai ciwo da jariri, mai juna biyu, tsofaffi, da masu sikila, asma ko ciwon zuciya.

A garzaya asibiti in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi da ƙyar ko da sauri, ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, leɓe ya canza launi, kasa sha ko amai da duk abin da ya ci, jijjiga, yawan barci da wuyar tashi, sandarewar wuya, kumburin wuya, ƙuraje, ko zazzaɓin da ya sauka sannan ya dawo da tari mai tsanani. Ga ƙannen da ke gida, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu.

Kafin zangon karatu mai zuwa ya fara, kowace makaranta ta tanadi abu huɗu: rajistar da ke nuna dalilin fashi, ma'aunin zafin jiki, ɗakin da za a iya ware yaro mara lafiya, da lambar jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce a ofishin shugaba.